Gonar da Ba a Yabonta

Agadir, watan Maris

Zuwa ga Kawu Bassu, a Tamsult.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Itto da duk mutanen gida. Yaya bayan naka? Tun ina yarinya nake jin labarin ciwon bayan nan, har yau kuwa ban ji ya hana ka hawa dabino ba. Ni lafiya ƙalau, sai dai hannuwa. Shekarun da na yi ina yankan kifi a kamfanin gwangwani sun fara nunawa. Ruwan gishiri da ƙanƙara sun tsattsaga min yatsu, da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin in iya ɗaura ɗankwali. Likita ta ce in nemi wata sana'a, sai ka ce tsintar ta ake yi a bakin teku.

Na san za ka ce Tuda ba ta rubutu sai da dalili. Gaskiyarka ce. Zumuncina da kai sai an zauna an warware, tunda kakata da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, amma tun rasuwar babana Muha kai ke riƙe min gonar dabinonsa, ba ni da wanda zan tambaya in ba kai ba.

Alhaji Addi na garinmu ya zo har ɗakina, da dunƙulen sukari a hannu kamar mai neman aure. Bayan ya sha shayi ya gyara zama.

Ya ce, “'Yar Muha, tausayinki ne ya kawo ni. Gonar nan ta zama itace a tsaye. Ki ba ni ita da rabonta na ruwa, in ba ki abin da za ki sayi ɗaki a nan ki huta da haya.”

Na ce, “Wane ruwa, Alhaji? Ba an ce magudanar ruwan garin ta kafe ba?”

Ya ce, “To ai shi ya sa na ce tausayi.”

Kawu, ni fa na san Alhaji Addi. Ko gishiri zai saya sai ya ɗanɗana. Yaushe ya fara sayen matattun itatuwa? Da zai tashi kuma ya saki wata magana, wai akwai wata mace da ke yawo gida gida a Tamsult tana tambayoyi, in na yi jinkiri ban san abin da zai biyo bayanta ba.

Ga abin da ya hana zuciyata kwanciya. Kowace shekara wasiƙarka cewa take gonar tana mutuwa, kowace shekara kuma kwandon da kake aiko min dabino ne manya masu zuma. Idan gonar tana da rai, gida zan dawo in zauna a gindinta, don hannuwan nan ba za su kai ni nesa ba. Idan ta mutu, in sayar in san inda na dosa. Ka faɗa min gaskiya ɗaya tak. Wace ce kuma wannan matar?

'Yarka,
Tuda


Tamsult, watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Tuda.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo a motar Zaid, bakinta a ɗan buɗe, wai zafin injin ne ya saki ɗanko. Kin dai san Zaid surukin Alhaji Addi ne. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Bayana ya ƙi, idon Itto ya ƙi, sha'ir bai yi ba, awaki sun rame har iska na tura su. Allah ya ba hannuwanki sauƙi. Ki riƙa shafa man zaitun da lalle.

Gona kam sai addu'a. Dabinon da kike magana, Allah ne ya sa aka ɗan samu a wani reshe, kada ki ɗora lissafi a kai.

Yanzu maganar matar. Sunanta Lalla Nazha, wai daga wata ƙungiya take ta raya ƙauyuka. Laifinta na farko, ba ta zo a farar mota irin ta masu kawo taimako ba. Kin san yadda muke yi. Da an hango farar mota a kan tudu, mata su kora awaki bayan dutse, a naɗe darduman kirki, kowa ya zura tsohuwar jallabiyarsa, ni in ɗauko sanda. Da haka muka samu fulawa da barguna, da haka muka samu injin ruwan nan da ya yi mana damina ɗaya ya mutu, yanzu kajin liman ke ƙwai a cikinsa. Ita wannan sai ga ta a motar kasuwa, tsakanin buhunan albasa, ta sauko ta same mu yadda Allah ya yi mu. Da ƙyar na kai ga sandata.

Muka zaunar da ita a ƙofar masallaci, muka fara karanta mata abin da muka saba: babu ruwa, babu magani, matasa sun gudu birni. Ta saurara har muka gaji. Sannan ta ce:

“Na ji abin da babu. Yanzu ku faɗa min abin da akwai.”

Liman ya dube ni, na dubi liman.

Ta ce, “Wa ya iya gini a cikinku? Wa ke da jaki? Magudanar nan da kakanninku suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin dutse, wa ya rage da ya iya sauka ta rijiyoyinta ya kwashe ƙasar da ta toshe ta? Har yanzu kuna aikin gayya?”

Na ce, “Lalla, waɗanda suka iya duk suna maƙabarta.”

Ta ce, “An ce min akwai wani Bassu.”

Na ce, “Allah sarki, Bassu. Ai gara na maƙabartar da shi.” Na yi nishi na dafa baya. Mutane suka sunkuyar da kai don kada dariya ta tona mu.

Tuda, ke da kika zauna a birni, faɗa min: wane ne ke tambayar mutum abin da yake da shi, in ba mai karɓar haraji ba ko ɓarawo? Mai taimako ciwonka yake tambaya. Wasu sun ce gwamnati ce ke son cire mu daga masu karɓar fulawa. Wasu sun ce masu otal ne ke neman ruwanmu don Turawa su yi wanka. Ba ta tafi ba kuma, ta kama ɗaki wajen gwauruwar nan Hadda, tana cin gurasar sha'ir kamar kowa, wannan ma ya ƙara min zargi.

Zan tambaye ki, kada ki ji haushi. Wa ya ba ta sunana? Ta zo, Alhaji ya je wajenki, ke kuma kin rubuto kina tambayar abin da ke gona, duk a wata ɗaya. Idan ke kika turo ta ta ƙirga miki itatuwa, ki faɗa min a fili.

Kada ki sayar. Ba a sayar da ƙasar uba.

Kawunki,
Bassu


Agadir, watan Mayu

Kawu Bassu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Itto, Allah ya ba idonta lafiya, in da gaske ciwo yake. Lallen ya ɗan taimaka, na gode. An mayar da ni wajen jera gwangwani, aikin ya fi sauƙi, albashin ya fi shi sauƙi.

Na karanta wasiƙarka har na kusa haddace ta. Ni ce zan turo maka 'yar leƙen asiri? Da me zan biya ta, da kawunan kifi? Abin ya yi min ciwo, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Na tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni labarin kajin liman.

Ka ce gona sai addu'a. A ƙasan takardar kuma ka ce kada in sayar. Idan ta mutu, me kake so in riƙe, itacen girki? Idan ba ta mutu ba, ina sauran dabinon yake tafiya bayan kwando ɗayan da nake gani? Ban ce ka ci ba. Amma da bakinka ka ba ni labarin yadda kake nishi da dafa baya idan baƙo ya zo, sai na zauna ina tunani: ni a wajenka 'yar gida ce ko farar mota?

Na yi tambaya a kan irin su Lalla Nazha. Akwai wata Ijja da muke aiki tare, 'yar tsaunukan kudu. Ta ce irin wannan matar ta je garinsu, ba ta raba ko cokali ba, tambaya kawai take yi, daga baya matan garin suka haɗa kai suna matsar mai suna sayarwa da kansu. Wata kuma da ke gefe ta ce, “Ƙarya ne, daga tambaya ake farawa, a ƙare da takardar kora.” Suka kusa dambe a kan tebur. Ka ga ban ƙaru da komai ba.

Abin da na sani shi ne wanda Zaid ya faɗa min da ya kawo wasiƙarka. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

Ya ce, “Kawun naki ai ya warke. Na gan shi da sassafe ya nufi gindin dutse, igiya a kafaɗa, ba sanda, yana tafiya kamar ango.”

Me ka je yi gindin dutse da igiya? Wace yarjejeniya ce tsakaninka da matar nan? Rabon ruwan babana yana cikin abin da kuke magana a kai?

Alhaji ya sake aiko min. Ya ce zai jira zuwa nunar dabino, bayan nan ba ruwansa. Mai gidan da nake haya kuma ya ce ɗansa zai yi aure, in fara neman wuri. Don Allah ka bar zagaye-zagaye. Tana da rai ko ba ta da shi?

Tuda


Tamsult, watan Yuni

'Yata Tuda,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda kika sani, zafi ya sauka, ƙuda ya yi yawa. Itto tana gaishe ki, ta ce in gaya miki idonta da gaske yake ciwo, ba ta yafe wannan maganar ba sai kin kawo mata sabulun birni. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje na yi shi.

Farar mota! Ni da na ɗauke ki a kafaɗa ranar da aka yanka ragon sunanki. To na ji. Zaid kuma da ya ga igiya, bai ga jakina da ya faɗa rami ba? Mutum ba shi da ikon ciro jakinsa sai an kai rahoto Agadir?

Matar nan dai ta gama da ni, kuma mata ne suka sayar da ni. Ta zauna da su wajen tanderun gurasa tana taya su murza ƙullu, kafin gurasa ta nuna ta san wa ke da jaki, wa ke da tsani, wa ya ɓoye darduma a ina. Itto ce da kanta ta ce mata, “Bassu? Ai a cikin magudanar aka yaye shi.”

Rannan ina zaune bakin tsohuwar rijiyar farko sai ga ta. Ba ta tambaye ni komai a kan yau ba. Ta ce in ba ta labarin shekarar da ruwa ya fi yawa a sanina. Wannan ai ba haraji a kansa, sai na fara. Na gaya mata yadda ubana ke ɗaura min igiya a ƙugu, yadda ake sauka da fitila da ɗan gatari, yadda mutum ke sa kunne a bango ya ji ruwa yana magana a bayan ƙasa. Na gaya mata yadda babanki Muha ke jan kwandon laka daga sama yana zagin duk wanda ya cika shi da yawa. Ban ankara ba na miƙe ina nuna mata da hannu biyu, har na tsallake bakin rijiyar. Da na juyo, tana riƙe da sandata.

Ta ce, “Ka manta ƙafarka ta uku, Kawu.”

Na ce, “To yanzu sai ki rubuta.”

Ta ce, “Ban zo da alƙalami ba. Ban kuma zo da ruwa ba, ba ni da shi. Siminti da ƙarfen daɓe bakin rijiya zan iya nemo muku. Amma hannu da sani naku ne. In kun ce babu, babu ɗin ne.”

Na ce mata sai dattawa sun zauna. Sun zauna. Abin da suka ce ba na takarda ba ne, balle takardar da zafin inji ke buɗewa.

Ki saurare ni da kyau. Ke 'yar Tamsult ce, kin san abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa, kin san abin da baki ke yi wa abu tun yana ɗanye. Duk wanda ya tambaye ki gonar Muha, ko Zaid, ko Ijjarki, ko ma waye, ki ce ta mutu. Ni ma abin da nake cewa ke nan. Ki yi haƙuri zuwa nunar dabino, kada ki sa hannu a komai.

Zan ɗan yi shiru kwana biyu. Ba fushi ba ne.

Kawunki,
Bassu


Agadir, watan Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba na jin daɗi, an sallame ni daga jera gwangwani, yatsun ba sa riƙo.

Wannan ita ce ta uku da na rubuto tun wasiƙarka ta Yuni, ba amsa. Zaid ya ce yana miƙa maka hannu da hannu, kana sakawa a aljihu ka ce ba saƙo.

Ka ce in ce ta mutu, kai ma haka kake cewa. To na ji, ta mutu. Amma takardarka ta zo da tabon laka a gefe, jar laka, har da shatin babban yatsanka. A garin da ba ruwa, ina ka samo laka? Na kwana biyu ina juya abin, ga inda na tsaya. Ko dai gonar ta mutu da gaske, ko kuwa akwai ruwa kana juya rabon babana zuwa wani wuri, kai da matar nan da dattawan da maganarsu ba ta takarda ba ce. Ko wanne ne a ciki, ni ba ni da gona.

Na bar Tamsult ina ƙarama, Kawu. Ban iya karanta abin da ba a rubuta ba. Kalma ɗaya nake roƙo. An ba ni zuwa ƙarshen watan gobe in fita daga ɗakin nan.

Tuda


Tamsult, watan Oktoba

'Yata Tuda, 'yar Muha,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yau in kin tambaye ni lafiya zan ce lafiya ƙalau, ba ƙari. Bayana garau yake. Idon Itto ma ya samu sauƙi. Wannan wasiƙar Lalla Nazha na ba ta sa a gidan waya a Tinjidad, ba ta hannun Zaid ba, don haka zan buɗe baki.

Ruwa ya zo, Tuda. Ruwa ya zo!

Tun watan Yuni muke ƙarƙashin ƙasa. Ranar da dattawa suka zauna, aka yi Fatiha a kan cewa ba mai fitar da maganar daga garin sai ruwa ya taɓa gonar ƙarshe an yanka rago. Kin san dalili: baki, sannan fulawa, don in aka ji muna da ƙarfin haƙa za a ce ba mu da yunwa. Alhaji Addi ne ya kawo shawarar, shi ya fara ɗaga hannu, har igiya sabuwa ya bayar. Na rantse tare da kowa, shi ya sa wasiƙunki suke aljihuna suna ƙona ni. Na ce ai Tuda za ta gane, jininmu ce.

Da kin ga garin nan! Ashe mu huɗu ne muka iya sauka, kowa yana ɓoye wa kowa. Gurgu Assu da muke ba sadaka, ashe magini ne, shi ya ɗaure bakin rijiyoyin da simintin Lalla Nazha. Jakunan da ake korawa bayan dutse suka fito suna jigilar laka. Mata suka ɗora tukunyar kuskus a gindin dutse, Hadda tana rabo tana zagin malalata da sunan ubanninsu. Har samari uku suka dawo daga Kazablanka da suka ji ƙishin-ƙishin, wai kada a yi ba su. Lalla Nazha ba ta taɓa gatari ba, zama take tana tambaya, “Wa kuma ya iya wannan?” sai ka ga wani ya yi tari ya fito.

Inda rufin ya rufta ya ba mu wuya ƙwarai, na ɗauka a nan za mu tsaya. Ranar da muka huda shi, ruwan ya buge ni a ƙirji da sanyinsa, na zauna a cikinsa ina kuka kamar yaro, ban ji kunya ba.

Gonar ƙarshe kuwa ta babanki ce, kin sani. Shekaranjiya da hantsi ruwan ya shige ta. Na tsaya ina kallo yana bin gindin itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an yanka rago, bakina ya saku, to ji abin da ban taɓa rubuta miki ba. Gonarki ba ta taɓa mutuwa ba. Da jaki nake kai mata ruwa duk shekarun nan, abin da ta bayar bayan kwandonki a nan yake ƙarewa, wajen hayar jaki da taki. Itatuwan da babanki ya dasa da hannunsa duk suna tsaye, manyan nan na bakin hanya sun yi 'ya'ya a gindi da za a iya dasawa. Babu gonar da ta fi ta a Tamsult. Ga shi na faɗa, Allah ya tsare ta daga bakina.

Alhaji Addi ya yi tafiya tun makon jiya, ko yankan ragon bai tsaya ba. In ya biyo ta wajenki ki ba shi shayi ki sallame shi.

Ki taho gida. Itto ta kwashe buhunan sha'ir daga ɗakin babanki, ta share, ta shimfiɗa dardumar kirki, wadda muke ɓoyewa. Hannuwanki ba abin da za su yi a nan sai karɓar kofin shayi.

Kawunki,
Bassu


Agadir, watan Oktoba

Kawu Bassu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin lafiyar bayanka da idon Inna Itto. Ina taya mutanen Tamsult murna, da zuciya ɗaya nake faɗa. Ka gaida Assu magini, ka gaida Hadda. Ka gaida Lalla Nazha, ka ce mata na zarge ta ban san ta ba, ta yafe min.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Ni kuwa tun ranar Talata na riga na sa hannu.

Alhaji ya zo da malaman kotu biyu masu rubuta ciniki. Kayana suna ɗaure a tsakar gida, mai gidan hayar yana tsaye a kaina. Duk da haka, kafin in karɓi alƙalami na dube shi a gabansu.

Na ce, “Alhaji, don girman ɗakin Allah da ka je, gonar nan tana da rai?”

Ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya ce, “'Yar Muha, gona kam sai addu'a.”

Maganarka ce, Kawu, ko harafi bai canza ba. Da ya faɗi wani abu dabam, wataƙila da na tsaya. Amma na ji ta daga bakin mutumin da na fi zargi, na kuma ji ta shekara da shekaru daga bakin wanda na fi yarda da shi, sai na ce to gaskiya ce. Na je wajen malaman jiya da wasiƙarka a hannu. Sun ce bai yi min ƙarya ba, addu'a kowace gona tana buƙata, ciniki ya ɗauru.

Ba na cewa ka ci amanata. Na san yanzu wa ya yi ta jan jaki a rana saboda ni, kuma na yi kuka a kan abin da na rubuta maka game da laka. Amma ina jin haushinka, ba zan ce ba na ji ba. Matar nan baƙuwa ce, ta zauna da kai yini ɗaya ka faɗa mata abin da kake da shi. Ni na roƙe ka tun Maris.

Ka ce ba a yabon abu don kada baki ya kama shi. To ga shi ba wanda ya yabe ta, bakin kowa bai kama ta ba, ta rayu, ta sha ruwa. Alhaji ya ce zai bar ka ka ci gaba da kula da ita, wai ba wanda ya san ta kamarka. Ka karɓa, kada itatuwan babana su faɗa hannun wanda bai san su ba.

Na sayi ɗaki a bayan tashar mota. Taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabci.

Ka gaya wa Inna Itto na gode. Ta naɗe dardumar, ta mayar da buhunan sha'ir inda suke.

Tuda